SANIN DUNIYA: Dala-dala, motar talakan Zanzibar

Zanzibar tsibiri ne cikin teku, gabas da Afirka. Tsawonsa kamar kilomita 85. A shekarar 1964 ya haɗe da Tanganika, suka zama ƙasar Tanzaniya.

Babu jirgin ƙasa a can. Manomi mai kwakwa, ko masunci mai kifi, in zai kai kaya kasuwa, sai ya shiga dala-dala. Mutumin Maraɗi zai yi dariyar wannan suna, amma bai ɓata ba. A Tanzaniya ma, sule biyar ake kira dala, kuma shi ne kuɗin mota a da.

Ta ƙauye ƙaramar motar kaya ce, an yi mata rumfa, an sa benci dama da hagu. Mutane na zaune gwiwa da gwiwa. Buhuna, itace da kekuna suna bisa rumfa. Ba ta da agogo. Tana barin tasha, cikin birni, in ta cika. Mai son sauka sai ya ce "shusha". Yaron mota ya ƙwanƙwasa ƙarfe, direba ya tsaya.

Kowace tana da lambar hanyarta. Mai lamba 116 Nungwi take zuwa, can arewa. Wanda ya iya karatun lamba ba ya shiga motar wani gari.

Baƙi masu kuɗi suna hayar mota. Sai sun karɓi takardar tuƙi ta tsibirin, kuma hannun hagu ake bi.

Bayan magariba dala-dala tana wuya. Ɗan ƙauyen da ya yi jinkiri a kasuwa, kwanan birni ya kama shi.