Karambanin da Ya Kamata a Raina

A kusan kowane gari na ƙasar Hausa akwai mutum ɗaya da ake kai wa rediyon da ya yi shiru, ko tocilan da ta daina kamawa, ko wayar da ta faɗa cikin ruwa. Sau da yawa ba shi da shago, ba shi da takardar shaida. Abin da yake da shi bai wuce sukudireba ba, da ƙaramin mita na awon wuta, da gwangwani cike da kusoshin da ya kwance daga na'urorin da wasu suka yar. A gari irin Wanke, cikin ƙaramar hukumar Gusau, inda wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce, kuma rashin tsaro ya sa shiga birni ya zama abin lissafi, irin wannan mutum yana da amfanin da ya fi sunansa. Amma sunan da aka fi ba shi shi ne mai karambani, har a jefa masa karin maganar nan ta akuya mai gai da kura.

Wannan karambani dukiya ce. 'Yan boko ma'aikata, waɗanda suka fi kowa sayen na'urori, su ne kuma suka fi kowa kashe ta a cikin gidajensu.

A ɗauki batirin tsohuwar kwamfutar cinya, irin na gwanjo da ake shigowa da su. Idan ya daina riƙe caji, mai shi yakan ce ya mutu. Wanda ya taɓa fasa irinsa ya san ba haka ba ne. A cikin yawancin tsofaffin batiran akwai ƙwayoyi shida masu kama da manyan batiran tocila, ana kiran su 18650, kowace tana ba da kimanin bolt 3.7. An jera su bibbiyu, kuma da zarar jeri ɗaya ya raunana, sai ƙaramin allon da ke kula da su ya hana dukkansu aiki. Sauran huɗun kuwa sau da yawa lafiyarsu lau. Mai haƙurin auna su ɗaya bayan ɗaya zai iya fitar da fitilar karatu, ko abin cajin waya da ƙaramin faifan sola zai cika. Abin da ya samu ya wuce fitila. Ya gane cewa na'ura ba tsafi ba ce, mutum ne ya haɗa ta, kuma abin da mutum ya haɗa wani mutum zai iya fahimtarsa. Wannan fahimta ba a samun ta daga allo da alli kaɗai.

Tarihin kwamfuta kansa shaida ne. A 1975 wasu masu sha'awar haɗe-haɗe a Kalifoniya ta Amurka suka fara taruwa da sunan Homebrew Computer Club, kowa yana nuna abin da ya ƙera a gida. A wannan taro ne Steve Wozniak ya nuna kwamfutar da ta zama tushen kamfanin Apple. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya sanar da cewa yana rubuta wata manhaja don nishaɗi kawai. Ita ce Linux, wadda yau take ƙarƙashin kowace wayar Android da ke aljihun ɗan kasuwar Tsafe ko manomin Bungudu. Babu ɗayansu da ya fara da kwangila ko umarnin ma'aikata. Sha'awa ce ta riga, riba ta biyo baya.

Ba Turai da Amurka kaɗai ba. A Malawi, William Kamkwamba yana ɗan shekara 14 ya haɗa injin iska daga ɓaraguzan keke da tarkacen ƙarfe, bayan ya bar makaranta saboda rashin kuɗi, ya kuma koyi yadda ake yi daga littafin da ya aro a ƙaramin ɗakin karatu. A Lome ta Togo, a 2013, Afate Gnikou ya haɗa na'urar buga abubuwa masu jiki daga sassan tsofaffin kwamfutoci da firintoci. A Kano kuma, a 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziya a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda Civic, kuma wani ɓangare na kuɗin aikin daga gyaran waya da kwamfuta ya fito.

Labarin Mubarak ne ya fi dacewa a tsaya a kansa, domin a nan masu suka suke da hujja. Jirgin ya ɗaga, amma bai wuce kimanin mita biyu daga ƙasa ba. Jaridun duniya sun yi ta yayata shi, aka yi tafi, aka watse. Tun daga lokacin, kusan kowace shekara sai an ga hoton wani yaro da ya ƙera mota ko jirgi da kwali ko kwano, wani babba ya ba shi kyauta a gaban kyamara, labarin ya mutu. Mai suka zai ce wannan wasan yara ne da ake yi wa kirarin kimiyya, kuma ƙasa ba ta ci gaba da tarkace, sai da injiniyoyi masu lissafi. Gaskiya ne, haɗe-haɗe ba ya maye gurbin lissafi. Wanda bai san dokar wutar lantarki ba zai yi ta ƙona kaya yana ɗora wa ƙaddara. Sai dai laifin ba na karambanin ba ne. Laifin na al'ummar da take ɗaukar sa abin kallo ne, maimakon matakin farko na tsani. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, tun yana yaro yake zanen motoci da haɗa samfurinsu. Bambancinsa da dubban yara masu irin wannan hannu shi ne an samu hanyar da ta kai shi makarantar zane a Ditroyit. Sha'awa ta buɗe ƙofa, ilimi mai tsari ya shigar da shi.

Zamfara tana da dalili na musamman da zai sa ta ɗauki wannan magana da muhimmanci. A farkon Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. An ce mako biyu, sai aka tsawaita. Gusau ta samu layi a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi sai wajen ƙarshen Nuwamba. A waɗannan makonni wayoyi masu tsada suka koma tocila da agogo, mutane suka riƙa tsallakawa maƙwabtan jihohi don kira ɗaya. Darasin a fili yake: wanda iliminsa na na'ura ya tsaya a latsawa, ranar da aka yanke masa layi ya koma hannu rabbana. Alhali ita na'urar ba ta rasa ƙarfinta ba. Akwai ƙaramar kwamfuta mai girman tafin hannu, Raspberry Pi, wadda aka fitar a Ingila a 2012 kan dala 35 domin yara su koyi haɗe-haɗe. Idan aka ɗora mata manhajar Kiwix, za ta iya ɗauke Wikipedia da tarin littattafai, ta rarraba su ga wayoyin da ke kusa da ita ba tare da intanet ba, kuma wutar da take ci ƙaramin faifan sola ya ishe ta. Makarantar sakandare a Wanke ko Kwatarkwashi ba ta buƙatar kwangilar miliyoyi kafin ta samu irin wannan ɗakin karatu. Tana buƙatar mutum ɗaya da ba ya tsoron buɗe murfi.

Haka batun tsofaffin kwamfutoci. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba wa Windows 10, kuma da yawa daga kwamfutocin gwanjo ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Ofisoshi za su jibge su a sito, daga nan sai hannun 'yan jari-bola. Mai sha'awar haɗe-haɗe ya san cewa irin wannan kwamfuta, in aka sa mata Linux mara nauyi, aka share ƙurar fankarta, za ta ƙara shekaru tana koya wa yara rubutu da lissafi. Abin da ofis ke kira shara, a hannunsa aji ne guda.

Akwai gefen da bai kamata a ɓoye ba. Zamfara ta san dalma fiye da kowace jiha. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, domin ana aikin a tsakar gida ba tare da sanin abin da ke cikin ƙurar ba. Dalmar nan tana cikin batirin mota, tana cikin abin liƙin wayoyin lantarki da masu gyara ke narkarwa. Ƙwayar batirin kwamfuta kuwa, in aka huda ta ko aka cika mata caji fiye da kima, tana iya kamawa da wuta. Hana yara taɓa kaya ba zai kawar da wannan haɗari ba, domin masu sha'awa za su yi a ɓoye. Abin da ke kawar da shi shi ne koyarwa: a yi liƙi a wuri mai iska, a wanke hannu kafin cin abinci, kada a fasa batirin mota a gida, kada a ƙona wayoyi don cire tagulla.

A da can al'umma tana da tsarin rainon irin wannan hannu. Yaron maƙera yakan fara da zuga-zugi, ya daɗe yana kallo kafin a miƙa masa awartaki, kuma akwai Sarkin Maƙera da ke tsare mutuncin sana'ar. Kasuwar Panteka a Kaduna da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano suna tafiya a kan wannan tsari na ubangida da yaro har gobe. Abin da ya rage shi ne gada tsakanin waɗannan hannaye da makarantu. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, da ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, duk suna da ɗakunan gwaji. Da za a buɗe ɗaya daga ciki ranar Asabar ga masu gyaran waya da yaran sakandare, malami ya bayyana musu dalilin abin da hannunsu ya riga ya sani, da ɗalibin digiri ma ya ƙaru, domin akwai wanda ya iya zana da'irar lantarki a takarda amma bai taɓa riƙe ƙarfen liƙi ba.

Wani abu kuma shi ne rubutu. Babban raunin mai gyara a ƙasar Hausa shi ne iliminsa yana tafiya da shi kabari. Abin da ya ɗaga masu haɗe-haɗe na wasu ƙasashe shi ne al'adar rubuta abin da aka gwada, har da wanda bai yi ba, don na baya kada ya maimaita kuskure. Littafin rubutu ɗaya da Hausa, mai ɗauke da zane da awo da kwanan wata, ya fi bidiyo goma na nuna bajinta.

Nauyin farko dai yana kan likita da lauya da ma'aikacin banki, waɗanda akwatunan gidajensu ke cike da matattun wayoyi da caja da tsohuwar kwamfuta. Ranar da ɗansu ko 'yarsu ta kwance rimot don ganin abin da ke ciki, hukuncin da aka saba shi ne tsawa. Da za a cire batirin tsohuwar wayar nan, a miƙa wa yarinyar tare da sukudireba da faranti na zuba kusoshi, a ce ta faɗi abin da ta gani a ciki, asarar ba ta wuce wayar da ta riga ta mutu ba.