Hasashen Ƙura Na Huhunmu Ne, Ba Na Matuƙa Jirgi Kaɗai Ba

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, duk wanda ke zaune tsakanin Damagaram da Kaduna ya san safiyar da rana ke fitowa fari fat kamar faranti, ana kallonta ido da ido. Muna kiran abin hazo, mu shafa man kaɗe, mu ci gaba da harkokinmu. Idan hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ta fitar da sanarwa, abin da aka fi ji shi ne nisan da ido zai iya gani ya ragu zuwa mita 1,000 ko ƙasa da haka, don haka jiragen sama za su iya jinkiri. Jan hankalin masu ciwon numfashi kan zo ne a ƙarshe, cikin layi ɗaya. A ganina an juya tsarin. Mutanen da ke hawa jirgi a ranar hazo ƙalilan ne, masu shaƙar iskar kuwa miliyoyi ne, kuma su ya kamata hasashen ya fara yi wa magana.

Kaso mai yawa na wannan ƙura daga kwarin Bodele na arewacin Chadi yake tasowa, wurin da a dā ƙasan wani makeken tafki ne da ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta ƙara ƙarfi, ta kwashi lallausan garin da tafkin ya bari. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu ƙurar ta iso ƙasar Hausa. Taurarin ɗan'adam suna ganin tashinta, kuma shirin Copernicus na Tarayyar Turai yana wallafa hasashen tafiyarta na kwana biyar kyauta. Ke nan hazo baƙo ne mai aiko da saƙo kafin ya zo.

Illarsa tana cikin ƙanƙantarsa. Masana suna auna ɓurɓushin da suke kira PM2.5, wanda kaurinsa ya gaza na gashin kai da kusan ninki 30. Manyan ƙwayoyin ƙura hanci da maƙogwaro ne ke tare su, shi ya sa ake atishawa da kaki. Ƙananan kuwa suna zarcewa har can cikin huhu, mafi ƙanƙanta ma su shiga jini. A nan suke tayar da asma, su tsananta ciwon huhu ga yara, su ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga manya. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar da ta dace a maikirogiram 15 cikin kowace mita kubik ta iska a yini guda, da 5 a matsakaicin shekara. Ranar hazo mai kauri takan ninka wannan iyaka sau da yawa. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa gurɓatar iska, ta waje da ta cikin gida, tana kashe kimanin mutum miliyan 7 a shekara. A wannan lokaci na bushewa da ƙura ne kuma sanƙarau ke ɓarkewa a yankinmu, domin busasshiyar iska tana raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro.

Wani zai ce tun zamanin kakanni ake hunturu, kuma ba gwamnatin da za ta tsayar da iskar Sahara. Gaskiya ne, sai dai iskar da kakanni suka shaƙa ba ta haɗu da hayaƙin janareta da na Keke Napep da na bolar da ake cinna wa wuta da roba a cikinta ba. A daren sanyi iskar da ke kusa da ƙasa takan yi nauyi ta kasa tashi, sai hayaƙin itace da gawayi ya kwanta a unguwa har hantsi. Wannan kason namu ne, kuma ana iya rage shi a ranakun da aka san ƙura na tafe.

Wani kuma zai ce ɗan garuwa da mai tura baro ba za su zauna a gida don an ce iska ba kyau ba. Wannan ma gaskiya ne, amma gargaɗi ba ya nufin a rufe kasuwa. Yana nufin shugaban makaranta ya ɗage taron safe da wasan motsa jiki. Yana nufin mai asma ya fita da maganin shaƙarsa a aljihu, asibiti ya tanadi iskar numfashi, mai unguwa ya hana ƙona bola na kwana biyu, a bar jarirai da tsofaffi a ɗaki. Mai aiki a titi kuma ya san cewa rawani da ƙyalle manyan ƙwayoyi kawai suke tarewa, takunkumin N95 ne ke tace ƙananan.

Ba sai mun ƙirƙiro sabon abu ba. A Amurka ana bayyana ingancin iska da launuka shida, daga kore zuwa ja mai duhu, kowane launi da shawararsa. Kusa da mu, Burkina Faso ta fara amfani da tsarin gargaɗin ƙura mai launuka, yanki-yanki, tun 2018. Abin da ya rage mana shi ne NiMet da ma'aikatun lafiya na jihohi su zauna su fassara hasashen zuwa matakai uku ko huɗu, da Hausa da Kanuri da Fulatanci, a karanta bayan labaran safe a rediyo kamar yadda ake karanta farashin kaya. A kuma girka na'urorin auna iska a manyan birane, a riƙa bayyana abin da suka nuna, domin a gwada hasashe da zahiri.

Likitoci da malaman makaranta da 'yan jarida da ke karanta wannan suna da nasu rabon. Kafin hunturu mai zuwa, kowa ya tambayi hukumar da yake hulɗa da ita wane ne zai sanar da jama'a ranar da ƙura za ta iso, kuma da wane harshe. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira, amma sai an faɗa masa tun ƙurar tana Chadi.