Malam Manomi, Ka San Tana Kafin Ka Sa wa Gonarka Wuta

Malam manomi, idan ruwan damina ya sauka ka tona ƙasa ka ga tana na motsi a bakin fartanyarka, ɗauke ta a tafin hannu ka duba ta da kyau. Ra'ayinmu shi ne yawancin ɓarnar da ake yi wa wannan halitta ta samo asali ne daga rashin sanin yadda jikinta yake, kuma amfanin gonarka ne ke biyan kuɗin wannan ɓarna.

Za ka ga jikinta zobba ne a jere, ɗaya na bin ɗaya, sau da yawa fiye da 100. Kowane zobe tamkar ɗaki ne cike da ruwa, da siririyar fata da ta raba shi da na kusa. Tana ba ta da ƙashi ko ɗaya. Wannan ruwa ne ƙashinta. Tsoka iri biyu ce ke matsa shi: wadda ta kewaye jiki idan ta matse sai tana ta yi tsawo ta sirance, wadda ta bi tsawon jiki idan ta ja sai ta gajarce ta yi kauri. Da yake ɗakunan a rabe suke, gaba na iya miƙewa yayin da baya ya kumbura ya tokare bangon rami da wasu ƙananan gashi masu ƙarfi. Haka take kutsawa, kuma ramukan da ta bari su ne hanyar ruwa da iska da saiwar masararka. Gonar da ke da su tana shan ruwan sama, ba ta barin sa ya kwashe ƙasa ya yi zaizaya.

Ba ta da haƙori. Ruɓaɓɓen ganye da ƙasa take haɗiya, sai ƙundu irin na kaza ya niƙe su. Abin da ya fito, wato kashin tana, ya fi ƙasar da ke kewaye da shi sinadaran da shuka ke iya sha nan take. Tun a 1881 masanin nan Charles Darwin ya ƙiyasta cewa a wurare da dama a Ingila ƙasar da ke bi ta cikin tana ta haura tan 10 a kowace eka a shekara. Mu ma ba a bar mu a baya ba: tanar da masana ke kira Eudrilus eugeniae, wadda ake kiwo a ƙasashe da yawa don sarrafa shara ta zama taki, asalinta 'yar Afirka ta Yamma ce.

Babban rauninta a fata yake. Ba ta da huhu, da fatarta take numfashi, kuma sai fatar na da damshi iska ke ratsawa. Shi ya sa da rani take nitsewa can ƙasa ta naɗe ta jira ruwa. To, idan ka ƙone sharar gona ka bar ƙasa tsirara, ka hana ta abinci, ka kuma buɗe wa rana hanya. Magungunan ƙwari da ake zubawa cikin ƙasa, irin su Furadan, suna hallaka ta, haka ma yawan zuba takin amoniyam salfet shekara da shekaru, domin yana sa ƙasa tsami.

Akwai maganar da ake yi wai idan garma ta raba tana biyu, biyu za su tashi. Ba haka ba ne. Ƙwaƙwalwa da ƙundu da manyan jijiyoyin da ke harba jini duk suna zobban gaba. Can ne kuma wata kumburarriyar ɗamara take, wadda ke fitar da ƙwanson ƙwai. Ɓangaren gaba kan iya tsirar da sabon wutsiya, amma na baya galibi mutuwa yake yi. Saboda haka yawan kaftu da haro ragi ne, ba ƙari ba.

Mun san abin da za ka ce: kara da harawa abincin dabbobi ne, wasu kuma na danni da girki, kuma wuta ce mafi sauƙin sharar gona. Ba mu ce ka hana shanunka ci ba. Ɗebi abin da kake bukata, sauran ka shimfiɗa shi tsakanin kunyoyi, ka kuma mayar wa gona da kashin dabbobin da suka ci nata. Wahalar kwana biyu ce, alhali tsadar buhun takin zamani ta kowace shekara ce.

In kana son gwadawa, keɓe kunya goma a bana, kada ka ƙone, kada ka kwashe. Tsakiyar damina mai zuwa, da sassafe bayan ruwa, ka haƙa rami mai zurfin taƙi ɗaya a can, ka haƙa irinsa inda aka ƙone, ka baje ƙasar kan buhu ka ƙirga tanar da ke cikin kowanne.