Lambun Bayan Ɗaki

'Yan'uwa, kada ku yar da fasasshiyar tukunya. Ku huda gindinta, ku cika ta da ƙasar gindin itace da ruɓaɓɓen takin awaki. In kun ga tana a ciki, ku bar ta, gama ita ke buɗe wa ruwa hanya. Mukan shuka tumatir a tsakiya, wake kewaye da shi. Ganyen wake yana tare rana, saiwarsa kuwa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Amma iyaye, ku riƙa leƙa tukwanen samarinku. Ganyen wiwi yana kama da na rama, sai dai rama takan yi babban fure mai jan tsakiya. Tun 1966 doka ta hana shuka wiwi a Nijeriya. Ko tushe ɗaya ne, ɗauri ne.