Lafiya Uwar Jiki: Ƴar hular da ke bisa ƙoda

Duk makiyayin da ya taɓa feɗe akuya ya san ƙoda. Amma ba kowa ne ya lura da wata ƴar tsoka da ke ɓoye cikin kitse kusa da ita ba. Mutum ma yana da irinta guda 2, ɗaya bisa kowace ƙoda, kamar hula bisa kai. Da Faransanci likitoci suna ce mata surenal. Nauyin kowace bai wuce giram 5 ba.

Hausawa sun ce raina kama ka ga gayya. Wannan ƴar hula ita ke zuba wasu sinadarai cikin jini. Ɗaya yana tsare gishiri da ruwa cikin jiki. Ɗaya yana ba jiki ƙarfin jure yunwa da zazzaɓi da rauni. Ɗaya kuma shi ke sa zuciya ta buga da sauri in mutum ya firgita. In hulunan nan biyu suka daina aiki, ba a samu magani ba, mutum yana iya mutuwa.

Abu 3 ke iya taɓa su a karkara irin ta Azagor.

Na farko tarin fuka. Ba huhu kaɗai yake ci ba, yana iya bin jini ya cinye ƴar hular. A shekarar 1855 wani likitan Ingila, Thomas Addison, ya bayyana wannan ciwo. Mai shi yana ramewa, kullum a gajiye. In ya miƙe tsaye sai jiri. Yana kwaɗayin gishiri. Dasashinsa da layukan tafin hannunsa suna yin baƙi. Saniya ma tana kamuwa da tarin fuka, kuma ciwon yana bin ɗanyar madara.

Na biyu ƙwayoyin ƙiba da ake tallarsu a kasuwa. Wasunsu deksametazon ne. Magani ne mai ƙarfi, aikin likita ne ya rubuta shi. Yana kama da sinadarin da ƴar hular ke yi. In mutum ya daɗe yana sha, sai ita ta kwanta barci. Fuska ta kumbura, ciki ya fito, ƙafafu su sirance. Mutane su ce an yi ƙiba, alhali ciwo ne. Hawan jini da ciwon suga suna iya biyo baya. Wasu mayukan sa fata haske ma suna da irin wannan magani. Wanda ya sha fiye da mako 3, kada ya bari rana ɗaya. Hular ba ta farka ba tukuna, yana iya yin amai ya suma. Likita ne zai rage masa kaɗan kaɗan.

Na uku jakar ruwa. Wani lokaci akan yanka tunkiya ko raƙumi a ga wata jaka cike da ruwa cikin hanta ko huhu. Sai a yanke wurin a jefa ma kare. Nan ne kuskuren yake. Cikin jakar akwai ƴaƴan tsutsa. Suna girma cikin hanjin kare, ƙwansu ya fita cikin kashinsa, ya zauna bisa ciyawa da gashin kare da bakin rijiya. Bisashe su haɗiye. Yaron da ya shafa kare, ya ci tuwo bai wanke hannu ba, shi ma ya haɗiye. Jakar tana girma a hankali, shekara da shekaru. Yawanci cikin hanta take zama, sannan huhu. Ba safai take zama bisa ƙoda ba, amma likitoci sun gan ta can. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da miliyan 1 ke ɗauke da ciwon wannan tsutsa a duniya.

Ba kowace jakar ruwa ta bisa ƙoda ce ta tsutsa ba. Yawancinsu ma ba ciwon daji ba ne. Hoton ciki da ake ce ma eko shi ke nuna ta. Tsaga da ƙaho ba su kai wurin, hanyar ita ce asibitin Dakoro, in abin ya fi ƙarfinsu su tura mutum Maradi. Akwai ƙwayar magani, akwai kuma aikin fiɗa.

Ga abin da ya kamata kowane gida ya riƙe:

1. Hanta ko huhu mai jakar ruwa, a ƙone ko a binne da zurfi.
2. A nemi maganin tsutsar kare wurin likitan dabbobi, sau 4 a shekara.
3. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.
4. A tafasa madara kafin a sha.
5. Tarin da ya wuce mako 2, a kai shi likita. Maganin tarin fuka kyauta ne, wata 6 ake sha.
6. Kada a sayi ƙwayar ƙiba a kasuwa.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba, a rijiya da kasuwa da ruga. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.