Hukuncin kisa bai hana satar mutane a Katsina da Zamfara ba

A watan Mayun 2019 gwamnan Katsina na wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya sa hannu a kan dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga masu garkuwa da mutane da ɓarayin shanu. A watan Disamban 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Zamfara ma ta kafa irin wannan doka a watan Yunin 2022, amma har yanzu ƙauyuka da dama na biyan 'yan bindiga haraji kafin su shiga gonakinsu.

Dalili kuwa shi ne, mai laifi ya fi tsoron a kama shi fiye da tsoron girman hukuncin da ke rubuce a takarda. A dajin Rugu da makamantansa kamun ne ke da wuya: 'yan sanda sun yi ƙaranci, shaidu na tsoron ramuwar gayya, shari'a kuma na ɗaukar shekaru. Ko an yanke hukuncin, sai gwamna ya sa hannu kafin a zartar. Rabon da a zartar da shi a Najeriya tun Disamban 2016 a jihar Edo, alhali fursunoni fiye da 3,000 ke jiran kisa.

Matakan gaggawa ma haka abin yake. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin dabbobi, aka hana sayar da fetur a jarka. 'Yan bindiga sun ji jiki na ɗan lokaci, amma wasunsu suka koma gabashin Sakkwato, kusa da iyakar jihar Maraɗi, wadda ta riga ta karɓi dubban 'yan gudun hijira. Mutanen ƙauye kuwa suka rasa kasuwa, suka rasa wayar da za su kira jami'an tsaro.

Wannan ba ya nufin hukuma ta naɗe hannu. Abin da ke rage laifi shi ne jami'an da ke zama a ƙauye dindindin, binciken da ke kai wa ga kotu, kariya ga shaidu, da haɗin kan Najeriya da Nijar wajen toshe hanyoyin makamai da shanun sata. Waɗannan sun fi sa hannu a kan doka tsada da ɗaukar lokaci, shi ya sa gwamnatoci ke yawan tsallake su.