Na'urar numfashin barci: abin da majiyyaci zai taɓa da abin da zai bar wa likita

Gwaji ya tabbatar cewa mutum yana da cutar ɗaukewar numfashi a cikin barci, wadda naman maƙogwaro ke saki ya toshe hanyar iska na daƙiƙa 10 ko fiye, sau da yawa kafin gari ya waye. An kashe kuɗi masu tsoka an sayi na'urar CPAP. Bayan mako biyu sai ga ta a cikin jakarta a saman wadrof, maigida kuwa ya koma ga minsharinsa da gyangyaɗin rana, har a bakin sitiyari. In aka tambaye shi dalili, cewa zai yi iska tana shaƙe shi, hancinsa yana bushewa, takunkumin kuma yana cin karan hancinsa.

Waɗannan koke-koke ba shagwaɓa ba ce, kuma akasarinsu akwai maɓallin da ke maganinsu a jikin na'urar. Kuskuren da ake yi shi ne a miƙa wa mutum ita tare da gargaɗin kada ya taɓa komai. Ya kamata a koya masa saitunan jin daɗi tun ranar farko, a nuna masa inda hurumin likita ya fara.

Tun da Colin Sullivan, likita a birnin Sidni na Ostireliya, ya wallafa sakamakon gwajinsa a shekarar 1981, asalin dabarar bai sauya ba: ana hura iska ta hanci da matsin da zai riƙe maƙogwaro a buɗe. Na'urorin yau suna ba da matsi daga 4 zuwa 20 a ma'aunin santimitar ruwa. Wannan adadi shi ne ƙwayar maganin. Sauran saituna an ƙirƙiro su ne don mutum ya iya jure shi.

Na farko shi ne wanda aka rubuta wa Ramp, wato hawa sannu a hankali. Na'urar takan fara da matsi kaɗan, ta riƙa ƙarawa har barci ya ɗauki mutum. Abin mamaki, wanda ke cewa ana shaƙe shi sau da yawa ƙarancin iska ne ke damunsa: matsi 4 yana iya yi wa babban mutum kaɗan, ya ji kamar yana numfashi ta cikin tsumma. Irin wannan sai ya gajarta lokacin hawan, ko ya kashe shi gaba ɗaya.

Batun danshi ya fi shafar mazauna Kano, Sakkwato ko Damagaram fiye da waɗanda suka rubuta littafin bayanin na'urar. A lokacin hunturu iska busasshiya ce, idan kuma aka hura ta cikin hanci dare guda, toshewa da haɓo ba su da nisa. Hanci in ya toshe, baki ne zai buɗe, iskar ta zurare, a farka da maƙogwaro kamar an ci gari. Ƙara zafin tankin ruwa mataki ɗaya yakan warware wannan. Idan kuwa ruwa ya fara taruwa a cikin tiyo yana ɗiga a fuska, danshin ya fi ƙarfin sanyin ɗakin, sai a rage, ko a lulluɓe tiyon, a kuma ajiye na'urar ƙasa da tsayin gado. Ruwan da aka fi so shi ne tatacce marar gishirin ma'adinai, domin na rijiya yana barin farin dasashi. Ƙurar hunturu tana cika matatar iska da wuri, don haka a riƙa duba ta. Mai dogaro da batir ko sola ya sani cewa dumama ruwan ne ya fi cin wuta.

Takunkumi kuma ɗaure shi tamau ba ya hana yoyo, yakan ma ƙara shi, domin robar tana bukatar iska ta ɗan kumbura ta kafin ta kama fuska. Mai yalwar gemu yakan fi samun sauƙi da irin wanda ke zama a ƙofofin hanci.

Akwai saiti ɗaya da ke kan iyaka, wato sassauta matsi yayin fitar da numfashi. ResMed tana kiran sa EPR, mai matakai 1 zuwa 3, Philips kuma C-Flex. Yana kawo sauƙi ƙwarai, musamman ga wanda ke tashi da kumburin ciki saboda haɗiyar iska. Amma a ResMed kowane mataki yana rage santimita ɗaya daga matsin, saboda haka wanda ya ƙara shi sai ya lura ko toshewar ta dawo.

Masu adawa da barin majiyyaci ya taɓa na'ura suna da hujja. Wanda ya koyi sauya danshi yau, gobe zai gano yadda ake buɗe shafin likita, ya rage matsi don ya ji daɗi, ya ci gaba da kwana da takunkumi alhali maƙogwaronsa yana rufewa, hawan jininsa yana nan. Ƙara matsi da ka shi ma ba lafiya ba ne, domin a wasu mutane yakan haifar da wani nau'in ɗaukewar numfashi da ke tasowa daga ƙwaƙwalwa. Mai ciwon zuciya ko na huhu bai kamata ya kusanci wannan shafi ba sam. Haka wanda ɗan'uwa ya aiko wa tsohuwar na'ura daga Ingila ko Amurka: matsin da ke cikinta na maƙogwaron wani ne. Sai dai duk wannan hujja ce ta a yi bayani, domin wanda aka bari cikin duhu ajiye na'urar yake yi, ko ya nemi fatawa a YouTube.

Na'urar da kanta tana ba da alƙalin da zai raba gardama. Kowace safiya akasarinsu suna nuna awannin da aka yi amfani da su, yawan yoyo, da adadin AHI, wato sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu a awa guda. Ƙasa da 5 ake nema. A sauya abu ɗaya tak, a ba shi 'yan kwanaki, a duba lambobin. Wanda ke komawa barci bayan Asuba ya mayar da takunkumin, domin barcin mafarki ya fi yawa a ƙarshen dare, a cikinsa ne kuma maƙogwaro ya fi saki. Idan AHI ya ƙi sauka, ko gyangyaɗin rana ya dawo, ko nauyin jiki ya sauya sosai, sai a zare katin bayanan na'urar a kai wa likita.